Babur ɗin Ɗan Fari Yana Ƙwanƙwasa

Litinin, 3 Oktoba 1955

Yau babur ya dawo da wata murya wadda ba tasa ba.

Ina bakin zaure da la'asar sakaliya, ina gyaran igiyar jaki, na jiyo shi tun daga hanyar Shagari kamar kullum. Tun bara nake sauraron dawowar abin ga, har na san inda yake gunji da inda yake nishi. In ya hau tudun rairayi sai ya yi kuka kamar raƙumin da anka yi wa kaya fiye da ƙima. In ya gangaro kwazazzabon bayan gidan liman sai ya sassauta. To nan wurin sassautawar na ji ta. Ƙwan, ƙwan, ƙwan. A hankali, kamar baƙo mai kunya a bakin ƙyaure.

Mai babur ya iso, ya kashe, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa can nesa ya gaishe ni. Na amsa ina duban igiya. Ya shige cikin gida.

Malamin yaƙi da jahilci ya ce mu riƙa rubuta wani abu kullum don kada hannu ya manta. To ga shi na rubuta. Sai dai sunan mai babur ba zai shiga takarda ba, ko da ba mai karantawa sai ni. Ɗan farina ne. Bakina bai taɓa ɗaukar sunan ba, ban ga abin da zai sa alƙalami ya fi baki rashin kunya ba.

Talata, 4 Oktoba

Ta sake. Wuri guda, bayan gidan liman.

Alhamis, 6 Oktoba

Na gaya wa matata Salamatu. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Ta ce bakin mutane ne, tun ran da wancan ya shigo gari bisa ƙarfe kowa ke bin sa da ido, a samo laya a ɗaure ƙarƙashin sirdin. Ita ma wancan take ce masa, ita da ta haife shi. Na ce ba a raina laya, amma abin da na ji ƙarar ƙarfe ce. Ta ce tun yaushe na zama bakanike, ni da ko keke ban taɓa hawa ba.

Ta yi gaskiya. Ni dai kunne gare ni.

Ana yaye shi ƙanena Mode ya zo ya ɗauke shi zuwa Shagari, yadda anka saba yi da ɗan fari. Can ya yi wayo, can anka yi masa kaciya, can Mode ya kai shi elemantare bai tambaye ni ba, har ya zama malamin allurar shanu na En'e. Ni sai da salla nake ganinsa, ya durƙusa, ni kuma in dubi bango. Wurin aikinsa har yau Shagari ne da rugagen Kajiji. Bara da wani Baturen gona zai koma ƙasarsu ya sayar masa da tsohon babur ɗin nan, wanda ya fara cin ƙasa tun kafin yaƙi. Ba a jima ba munka ga ya kwaso matarsa Atika da tarkacensu, ya ta da ɗaki a bayan rumbuna. Bai ce don me ba, ban tambaya ba. Ya fita da sassafe, ya dawo kafin magariba.

Watau ƙafa biyu na roba ke kawo mini shi. In sun tsaya, doki ba ya yin Kajiji ya dawo ya kwana nan Boɗinga. Wannan ko ban hau keke ba na sani.

Asabar, 8 Oktoba

Na taka har rumfar Arzika. Taubashina ne, ɗan gwaggona. Ya tuƙa motar soja a yaƙin Bama, ya dawo da sifana da labarai, ya baro kunnuwansa can, igwa ta cinye su. Yanzu shi ke gyaran kekuna da fitilu da duk motar da ta mutu kan hanyar Sakkwato.

Yana hango ni ya ce, "A'a, bawana! Mi yak kawo ka? Jakin ya yi faci?"

Na ce ban taɓa jin inda ɗan mace ya mallaki ɗan namiji ba, ya matsa in zauna. Sai da na ɗaga murya har masu sayar da albasa sunka waiwayo kafin ya gane zancen babur ne.

"Babur ɗin wa?"

Na ce ya sani.

"Na wa? Hwaɗi sunan, ban ji ba!"

Allah ya isa tsakanina da Arzika. Rumfa duka ana dariya, shi ko ya kafe ni da ido kamar alƙali.

Da ya gaji da shaƙiyanci ya ce in yi masa ƙarar. Wannan ba ta gagare ni ba. Kakata in tana mana tatsuniya takan yi muryar kura, ta yi ta kurciya, har ta yi ta ƙofar da aljani ke turawa, wurinta na gada. Na kafa bakina a kunnensa na dama, wanda ya rage saura, na yi masa babur tun daga tudu har kwazazzabo.

Ya ce ƙwanƙwasa iri-iri ce. Akwai ta bisa, siririya, kamar kaza tana tsattsagar faifai. Wannan ko bawul ya saki, ko toka ta taru a kan fistin, aikin yini guda ne. Akwai ta gefe, kamar ana jan mari a ƙasa, sarƙa ce ta yi sako-sako, ko yaro ya ɗaure. Akwai kuma ta ƙasa, mai nauyi, kamar daka a gidan maƙwabta. Da ya zo kan wannan bai yi dariya ba, ya ce mu bar ta tukuna.

Ya ba ni aiki. In saurara da safe inji na sanyi, in saurara da yamma yana zafi, in kula ko lokacin da ake ba shi mai take zuwa ko lokacin da ake saki.

Da zan tafi ya ce in gaishe da wanda ban san sunansa ba.

Litinin, 10 Oktoba

Da safe lafiya lau, sai ɗan tari irin namu na tsofaffi. Da yamma ta zo, daidai inda ya saki mai. Na zama malamin sauraro na En'e, ba riga ba hula.

Talata, 11 Oktoba

Dole dai a gaya masa. Na yini ina juya yadda za a yi. Salamatu ba ta iyawa, Atika kuwa in ta hango ni sai ta bi ta bayan danga.

Da ya durƙusa gaisuwar yamma, na juya wajen turke na ce, "Kai jaki, an ce akwai wani ƙarfe gidan ga da ke son ganin Arzika."

Can na ji an ce ƙasa-ƙasa, "To."

Jaki ya isar da saƙo. Na ƙara masa harawa.

Alhamis, 13 Oktoba

Jiya Arzika ya ɗaure sarƙa. Jiyan nan kuma Salamatu ta ba Atika laya ta saƙala ƙarƙashin sirdi. Yau ƙwanƙwasa na nan inda take. Arzika ya ce laya ce ta hana aikinsa ci, Salamatu ta ce hannun kurman soja ne ya karya mata laya. Ban shiga ba.

Litinin, 17 Oktoba

Jiya Lahadi ba aiki, Arzika ya zo ya buɗe kan inji a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Ya ce fetur ɗin da ake saye bakin tasha rabinsa kananzir ne, shi ke tara toka. Ya yini yana kankara da bayan cokali, baƙin abu na zuba kamar ƙanzon tukunya.

Ni ina cikin zaure, ba ruwana. Sai dai akwai wata ɓula a jikin ƙyaure da na daɗe ina cewa zan toshe.

Mai babur ya naɗe hannun riga yana taya shi. In zai ɗaure noti sai ya cije leɓensa na ƙasa, ya karkata kai hagu. Na daɗe ina kallo kafin in tuna inda na san wannan. Marigayi babana ke nan in yana ɗaure dami. Mutumin da bai taɓa ganinsa ba. Wa ya koya masa? Mode ba ya yi, ni ma ban sani ba ko ina yi.

Yau da yamma ya gangaro kwazazzabo sumul, ba ko ƙwan guda. Alhamdu lillahi.

Laraba, 19 Oktoba

Shiru har yau. Na aika wa Arzika da goro fari. Na gaya wa liman bayan azahar cewa toka ce, kananzir ne ke kawo ta, na yi masa bayanin fistin da hannu. Ya gyaɗa kai. Ni da shi ba wanda ya taɓa ganin fistin sai ta ɓular ƙyaure, shi ko ɓular bai samu ba.

Alhamis, 20 Oktoba

Ta dawo. Ba baƙo mai kunya ba ce yanzu, ta san gida.

Asabar, 22 Oktoba

Mode ya zo bisa goɗiyarsa, ya kawo wa Salamatu man shanu. Ƙanena ne, amma tun da ya riƙi mai babur yake magana kamar shi ya riga ni zuwa duniya. Shi yana kiran sunan gatsal, ya maimaita, ya sake, kamar mai shan rake gaban mai azumi.

Labarin ƙwanƙwasa ya kai Shagari. Ya ce, "Yaya, watan gobe za a hwara allurar bushiya, cutar nan ta shanu. Baturen shanu ya ce duk malamin da ba shi da abin hawa mai sauri shi zauna kusa da rugagenshi. Ɗakin ɗana na nan, ko kaza ban bari ta kwana ciki ba. In ƙarhen ga ya gaji a maido min abina."

Na ce ai ba wanda ya ce ya gaji.

Ya ce, "Kai dai gode Allah, an ba ka aro har shekara."

Aro. Na yi dariya don ya ga haƙorana.

Ba na jin haushin Mode, Allah ya sani. Shi ya yi jinyar ƙyanda, shi ya ɗauke shi a wuya ya ƙetare masa ruwa da damina, shi ya sha zagin dangi kan boko. Ni me na yi? Na dubi bango da kyau, ba wanda ya taɓa kama ni da rashin kunya. Sai dai bayan ya hau goɗiya ya tafi na ga goron da ke hannuna ya zama gari, ban ko kai shi baki ba.

Talata, 25 Oktoba

Arzika ya zo da ƙafarsa, abin da bai saba ba, ya zauna tun ba a miƙa masa tabarma ba. Ya ce ya gama da bisa, ya gama da gefe, saura ƙasa. Amma ba zai tsaga cikin inji a kan zato ba, tsagawa ba wuya, haɗawa ce aiki. Akwai dabara. A aza bakin sanda a jikin inji yana zafi yana aiki, a sa ɗaya bakin a kunne, sanda za ta ɗauko ƙarar daga inda take kwance. Haka sunka riƙa yi a dajin Bama.

Na ce to a yi mana.

Ya ce, "Da wane kunne? Nau na can wurin Japan. Jiya na ba ɗanka sanda, ya saurara ya saurara, ya ce bai ji komi ba."

Na ce to ba komi ke nan.

Ya dube ni. "Bawana, kai ɗai ka san muryarta."

Na tambaye shi, in ta ƙasa ce fa? Ya ce to boris ɗin da hannun fistin ke juyawa a kai ne ya cinye. Sakkwato babu. Sai kanti ya aika Kano, Kano ma ta yiwu ta aika Ikko, a zauna jiran jirgin ruwa. Kafin nan ba hawa. In anka yi taurin kai, wata rana ana cikin gudu inji zai ƙulle, ƙafar baya ta tsaya cik, mai hawa ya wuce gaba shi kaɗai. Ya ce ya taɓa gani. Arzika da ba ya barin labari ba jela, wannan bai ƙarasa mini shi ba.

Aikin mutum uku ne, in ji shi. Mai riƙe totur, mai aza sanda, mai kunne. Watau in tsuguna gaban gwiwar ɗan farina a ƙofar gida, jama'a na kallo, kamar mai yankan farce.

Na ce zan yi tunani. Ya ce, "Mi?" Na tabbata wannan ya ji.

Alhamis, 27 Oktoba

Ban yi ba. Na aika cewa ƙafata na ciwo.

Yau ya makara. Rana ta yi ja, shanun gari sun shigo, ba a ji shi ba. Na tsinci kaina tsaye a bakin kwazazzabo da buta a hannu, ban san abin da zan ce na zo yi ba in an tambaya. Da na jiyo shi can tudu na juyo gida da sauri, ƙafar mai ciwo ba ta ce komi ba. Ya same ni zaune ina duban igiya.

Litinin, 31 Oktoba

An yi.

Tun la'asar Arzika ya zo munka zauna jira. Ban gayyaci kowa ba, amma Boɗinga ba a gayyatarta. Liman ya fito shan iska daidai ƙofata, masu dawowa daga fadama sunka aje fartanya, na kuma ga inuwar zanen Salamatu a bayan danga.

Yana isowa Arzika ya ɗaga masa hannu kada ya kashe. Sai ga ni na taso da sandata ta kanya, na zo na tsuguna. Wayyo bawan Allah. Ba damar sauka, ba damar tuɓe takalmi, ga ubansa a ƙasa shi yana bisa. Ya dinga duƙar da kai yana ƙanƙance jiki a kan sirdi, kamar zai shige cikin tankin mai. Da ba ni ne a ƙasan ba da na yi dariya.

Arzika ya aza bakin sanda a bisa, na sa ɗayan a kunne. Ikon Allah. Ashe cikin abin ga gari guda ne. Na ji cak-cak-cak a jere kamar keken tela, ba mai tsallake wani. Na ce nan lafiya. Ya koma gefe, na ji shuu kamar ana sheƙar gero. Nan ma lafiya. Ya sauko da ita can ƙasa, wajen cikin. Na ji gurnani kawai, ba ƙwanƙwasa.

Na tuna ba ta zuwa sai an ba da mai an saki. Na ce da Arzika, "Gaya mai shi ƙara mai."

"Mi?"

"Shi ƙara mai!"

"Mi?"

Ga ƙarar inji, ga kurma. Wannan karon ba shaƙiyanci ba ne, na ga idonsa. Jaki kuma yana can turke, ya yi nisa. Inji na hucewa.

Na ce, "Ƙara."

Haka kawai ta fita. Ba ta bi ta kan kowa ba. Na ji inji ya ɗauka.

Na ce, "Saki."

Ya saki. Sai ga ta. Ta biyo sanda ta shigo mini har muƙamuƙi, dum, dum, dum, tabarya a turmin da ba hatsi. Na ce ya sake, a hankali. Ya sake. Na ce ya saki. Ta sake zuwa, ba ta ko ɓoye fuska ba.

Sanda ta fara zamewa daga kunnena. Sai na ji an riƙe mini ita. Hannun mai babur ne na hagu, ya sauko ya dafa bisa nawa. Yana warin maganin shanu da baƙin mai. Tafin ya fi nawa faɗi.

Arzika ya yi ihu, "Bisa ko ƙasa?"

To a nan Shaiɗan ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya yi mini magana da hankali kamar dattijo. Ya ce wa zai ƙaryata ka? Ɗaya kurma ne, ɗaya ya ce bai ji komi ba. Ka ce bisa, a sake kankarar toka, ka ci gaba da zaman la'asar ɗinka. Wallahi na saurare shi, ban kore shi nan take ba. Sai na ga ƙafar baya ta tsaya cik a hanyar Kajiji, inda ba kowa sai makiyaya.

Na ɗaga kai. Ban taɓa ganin fuskar nan kusa haka ba. Har ya fara furfura a gefen kunne, ni ban san ranar da ta fara ba.

Na ce, "Ƙasa ce. Kashe shi. Ba ka sake hawa sai an gyara."

Ya ce, "To, Baba."

Ya kashe. Unguwa ta yi tsit, har na ji liman ya yi gyaran murya ya ce bari ya je ya duba alwala.

Arzika ya kwance noti ya tsiyaye baƙin mai a tasa, ya karkata ta wajen sauran hasken rana. Yana ƙyalli, kamar an barbaɗa garin azurfa. Ya ce ga boris ɗin nan, ya narke yana yawo. Ya aje tasar. Sai da ya ɗaure kayansa zai tafi ya raɗa mini, irin raɗar kurma da ake ji har masallaci, "Ashe bawana na da baki."

Alhamis, 3 Nuwamba

Mai babur da matarsa sun koma Shagari da hantsi. Mode ya aiko da doki da jakai tun jiya, ko kunyar ɗoki bai ji ba. Atika da Salamatu sun yi ta koke-koke a cikin gida kamar Makka za a tafi a ƙasa. Shi ya zo ya durƙusa inda ya saba. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ban tuna inda nake duba ba lokacin.

Arzika ya ciro inji ya tafi da shi rumfa. Gangar jikin tana cikin zaurena, mun rufa mata tsohuwar tabarma.

Salamatu ta kawo mini fura ta dangwarar. Ta ce, "Da ka ce bisa, wa zai sani?" Na jawo furar gabana. Ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba. Ta ce, "Da ka ce bisa, da ni da kai har Lahira." Ta fita.

To. Kowacce na faɗa dai ban tsira ba.

Lahadi, 6 Nuwamba

Ban san tsakanin la'asar da magariba yana da tsawo haka ba.

Laraba, 9 Nuwamba

Arzika ya dawo daga Sakkwato. Kanti sun karɓi magana, sun ce za a aika. Ya tambaye su yaushe, akawun ya nuna masa sama da alƙalami.

Wata motar gyaɗa ta wuce da yamma, sai da na miƙe tsaye kafin kunnena ya gaya mini ba shi ba ne. Igiyar jaki ta gyaru tun tuni, na kwance ta na sake tufkawa.

Talata, 15 Nuwamba

Jiya na dawo daga Shagari. Dashen albasa na je dubawa. Salamatu ta ce ga Dancadi nan kusa, can kowa ke saye. Na ce an yaba mini na Shagari bana. Ba ta tambayi wanda ya yaba ba, ta dai ɗaura mini daddawa da kuka a bayan jaki ta ce a ba Atika.

Gidan Mode na sauka, ina zan sauka? Mun zauna inuwar ƙofar gida har la'asar. Muna hango doki ya ɓullo daga hanyar Kajiji sai Mode ya tuna akwai wanda ke jiransa kan zancen goɗiya, ya saɓa riga ya bar ni. Wannan ƙane nawa, ban san ranar da ya yi hankali ba.

Malamin allura bai iya doki ba. Yana bisa kamar buhun gero da anka ɗaure da gaggawa. Ya sauko, ya gan ni, ya tsaya, sannan ya tuɓe takalmi ya durƙusa can nesa. Wurin fili ne, ba bango kusa. Na ce ya matso, iska na ɗauke magana. Ya zauna a gefen tabarma, rabin jikinsa a ƙasa.

Na tambaye shi shanu. Ya ba ni labarin wani Arɗo da ya ɓoye rabin garkensa a kwari, yana tsammanin masu allura 'yan leƙen jangali ne, sai da saniya guda ta yi kuka ta tona masa asiri. Ya iya ba da labari. Har muryar Arɗon ya yi, da ta saniyar.

Can ya kama tsinkar bakin tabarma. Ya ce, "Baba, ni ma ina jin ta. Tun ba a yanke gero ba."

Na ce, "Ƙwanƙwasar?"

Ya ce i.

Na ce to me ya hana shi faɗi, har Arzika ya ba shi sanda ya ce bai ji ba? Ya ci gaba da tsinkar tabarmar mutane. Ban sake tambaya ba.

Amma na yi masa faɗa. Na ce mutum da iyali, da furfura a kai, ya riƙa hawa ajalinsa safe da yamma saboda tuwon Boɗinga? Na ce wannan wauta ce, ba a gidanmu ya gado ta ba, ta Mode ce. Na yi ta yi har murya ta dushe. Shi ne faɗan farko da na taɓa yi masa. Kansa na ƙasa yana ta cewa to, Baba, to, Baba, amma na lura leɓen nan a cije yake, kuma ba don noti ba. Kamar ma daɗi ya ji, marar kunya.

Atika ta aiko da tuwo akushi guda. Ina jin ta yi zaton Mode na nan. Ba a mayar da abinci, munka ci tare, ni da ɗan farina.

Dashen albasar Shagari kuwa bai yi mini ba, ganyen ya cika siriri. An ce na mako mai zuwa zai fi. Sai an sake dubawa.